Gora da Tarwaɗa

Ɗan Kabi: Na ga hoton wani zanen Japan, irin dogon nan da ake ratayewa a bango, in lokacinsa ya wuce a naɗe a ajiye. Wani mai zane, Josetsu, ya zana shi wajen 1413: mutum a bakin rafi yana son kama tarwaɗa da gora, duwatsu can nesa cikin hazo, a sama kuma rubutun malaman Zen (wata ɗariƙar addinin Buddha) 31, kowa da waƙarsa ta amsa kacici-kacicin Shogun Yoshimochi, mai mulkin soja na Japan a lokacin. Mallakar wurin ibada na Taizo-in ne a Kyoto. Ga tawa, ta 32:

Kai mai gora na birnin Kyoto,
Zo Matan Fada a koya ma su,
Gora kansa aka hawa a yi iyo,
Kifi kuwa homa ka kama su.

Bakatsiniya:
Bakabe in ya ga kifi ya rikice,
Ko na tawada ne sai ya lashe,
Shogun Yoshimochi kacici-kacici ya jefa wa malamai don su warware,
Kai hankalinka na kan tukunya a girke.

Bazazzagi: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Kabi ta sha ƙasa.

Ɗan Kabi: Wace ƙasa? Ɗango na uku ya fi igiyar guga tsawo. Wane kari ne wannan?

Bakatsiniya: Karin Japan ne. Su gaɓa suke ƙirgawa, 5-7-5-7-7, ba ruwansu da arulinka.

Baba Damagaram: A'a 'yata. Waɗancan malaman da Sinanci suka rubuta, waƙar Sin kuwa tana da awo da amsa-amo. Kuma ɗangonki ya zarce bakwai ɗin da nisa.

Bazazzagi: Baba, ai ko gurgu ne baitin, ya iso inda aka aike shi.

Ɗan Kabi:
Bazazzagi ɗan amshin Shata,
Kwana biyu ba baiti ko guda,
Mai baiti gurgu ka bi bayanta,
Tafi kaɗai ka iya, da guɗa.

Baba Damagaram: "Guda" da "guɗa"? Na yafe, don ya yi daɗi.

'Yar Zongo (bayan kwana uku): Kun bar zanen a rataye.

Gora santsi, tarwaɗa santsi,
Bakin gora bai kai kanta ba,
Mai zane ya bar fili fari,
Ku kun cika namu da hayaniya.

Baba Damagaram: Ma'ana ta yi. Amsa-amon fa?

'Yar Zongo: Ya sulluɓe, Baba. Tarwaɗa ce.