Kutse, yoyo ko ɓaraka? Wace kalma za mu sa a takardar inshora

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Muna haɗa takardar wayar da kai kan inshorar kasuwanci, don masu shagon POS da ƙananan asibitoci a Kano. Kalma ɗaya ta tsaya mana, wato "data breach", matsalar da ke samun bayanan mutane da aka ba ɗan kasuwa ko asibiti ajiya. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce idan abin ya auku, kuma zai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Me za mu kira shi? Don Allah kada a bar mana "data" a ciki, mai POS zai ɗauka ta wayarsa ce ta ƙare.

Ɗan jarida: Wa alaikumus salam. Ai kutse ne, shi muke faɗa a labarai kullum.

Dillalin inshora: A labarai ya yi, yallaɓai, amma a takardar inshora zai iya jawo rigima. Kutse sai da mai kutsawa. Dokar kuwa ta haɗa har da abin da ya faru bisa kuskure: bayanai su ɓace, su lalace, a canza su, ko su kai ga wanda bai kamata ba. Yarinyar da ke kan kanta a asibiti ta tura sakamakon gwajin majinyata rukunin WhatsApp na 'yan ajinsu. Ko littafin da mai POS ke rubuta lambar asusu da lambar wayar kwastomomi ya faɗi a cikin adaidaita sahu. Wa ya yi kutse a nan? Babu. Idan ɗan kasuwa ya karanta "inshorar kutse", ba zai ma san yana da abin nema ba ranar da irin wannan ta same shi.

Ɗan jarida: To yoyon bayanai fa?

Malamar Hausa: Yoyo ya kama fitar bayani, ƙanena, bai kama gogewa ko canzawa ba. Fallasa ma haka, kuma tana da warin gulma. Ni ɓaraka na zaɓa. Idan aka ce an samu ɓaraka, kowa ya san wani wuri ya yage, ko da gangan ko ba da gangan ba. Kuma aikatau ɗinta na nan a bakinmu: ɗinke ɓaraka. Ɓarakar bayanai, inshorar ɓarakar bayanai.

Dillalin inshora: Madalla, Malama. Sai dai ku ƙara layi ɗaya. Abin da irin wannan inshora ta saba ɗauka shi ne kuɗin lauya, na masu binciken kwamfuta, na sanar da kwastomomi, da diyyar wanda ya kai ƙara. Tarar hukuma daban ce, takardu da yawa suna cire ta. Tarar kuma ba wasa ba ce: manyan masu riƙe bayanai tana iya kai musu naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, sauran kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, ya tambayi kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi ko suna da irinta.

Mai tambaya: Na rubuta ɓarakar bayanai, na gode. Saura "premium", wato kuɗin da mai inshora ke biyan kamfani. Kuɗin zubi zai yi, ko za a ɗauka adashe ne a zo neman kwasa?