Wane bugu ya dace da mu: na biyar, Pathfinder ko tsohon salo?

Ɗan Tumfure:
Assalamu alaikum. Mu shida ne a Gombe, 'yan wasa biyar da mai jan labari ɗaya, muna so mu fara wasan jarumai na kan tebur irin Dungeons & Dragons. Lokacinmu ranar Asabar ne, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, awa biyu da 'yan mintoci. Uku daga cikinmu ba su taɓa yi ba. Kanmu ya rabu: wasu sun ce bugu na biyar na Dungeons & Dragons ɗin, wani ya dage sai Pathfinder, wani wasa makamancinsa, don ya fi yawan zaɓi, wani kuma ya ce mu koma tsohon bugu mai sauƙin doka. Masana, a ina ainihin wahalar kowanne take?

Malam Yalwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku ɗauki bugu na biyar, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014. Kusan duk wasan doka ɗaya ce ke riƙe da shi: ka jefa dais mai fuska 20, ka haɗa da makinka, ka duba ko ka kai lambar da ake nema. Mayaƙi a mataki na 1 mai ƙarfi 16 yana da +3, ga +2 na ƙwarewa, jimla +5. Idan lambar sulken abokin gaba, wato lambar da sai an kai ta kafin a same shi, 15 ce, 10 yake nema a dais, wato zai same shi kashi 55 cikin 100. Sabon shiga zai kama wannan a zama ɗaya.

Abin da ya sauƙaƙa bugun shi ne dokar rinjaye da naƙasu. Maimakon a tara ƙananan +1 da +2, in yanayi ya ba ka dama sai ka jefa dais biyu ka ɗauki babba, in ya juya maka baya ka ɗauki ƙarami. Mayaƙin can mai kashi 55, da rinjaye zai kai kusan 80. Kuma rinjaye ba ya taruwa: ko ta hanya uku ka same shi, dais biyu ne dai, kuma naƙasu ɗaya tak yana soke shi.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen masu sihiri. Kowane sihiri da tasa dokar, da nisansa, da tsawon lokacinsa. Akwai waɗanda ke buƙatar riƙe hankali, kuma guda ɗaya kawai ake riƙewa a lokaci guda. In an ji wa jarumin rauni sai ya jefa dais na juriya, ya nemi 10 ko rabin raunin, duk wanda ya fi yawa. Wannan ita ce dokar da aka fi mantawa, daga nan mai sihiri ya fi kowa ƙarfi a tebur, sauran su koma 'yan kallo. Don haka sabbin nan uku a ba su mayaƙi ko mai sanɗa. Ƙananan dokokin bugun akwai su kyauta a intanet, da rukunin jarumai huɗu, sun ishe ku watanni.

Yaya Bolari:
Malam Yalwa ya yi bayani mai kyau, sai dai bai taɓo batun agogo ba, kuma shi ne damuwarku. Ku yi lissafi. Mutum shida, kowa ya ci minti 2 idan layi ya zo kansa, zagaye ɗaya minti 12 ke nan. Faɗa mai zagaye huɗu ya cinye minti 48. Faɗa biyu kacal, Magariba ta gabato, labari bai motsa ba.

Ni bugun 1981 na kamfanin TSR zan ba ku shawara, mai ɗan littafin farko na mataki 1 zuwa 3 da na biyu na mataki 4 zuwa 14, ko kuma Old-School Essentials da ya sake tsara dokokin nan ba tare da canza su ba. Haɗa jarumi ba ya wuce minti 10: dais uku masu fuska shida, sau shida, a jere, ka zaɓi rukuni, ka sayi kaya. Wajen sanin wanda zai fara kai hari, kowane ɓangare dais ɗaya yake jefawa, ba kowane mutum ba.

Sannan ga dokar karaya, wadda ita ce ke gajarta faɗa. Kowane abokin gaba yana da lambar ƙarfin zuciya tsakanin 2 da 12. Idan na farkonsu ya faɗi, da kuma lokacin da rabinsu suka faɗi, mai jan labari ya jefa dais biyu masu fuska shida. In jimlar ta haura lambar, sun gudu ko sun miƙa wuya. Makin ci gaba ma yawancinsa daga dukiyar da aka samo yake zuwa, tsabar zinari ɗaya maki ɗaya, shi ya sa 'yan wasa ke koyon lallami da dabara maimakon su far wa duk abin da suka gani.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Mai sihiri a mataki na 1 sihiri ɗaya gare shi a rana, makin ransa kuma daga dais mai fuska huɗu, kibiya ɗaya na iya gamawa da shi. Rai ya kai sifili, an mutu, babu jefa dais na ceto kamar a bugu na biyar. Wanda ya ƙallafa rai a kan jaruminsa zai ji zafi. Maganinsa a ba kowa cikakken makin rai a matakin farko, kuma kowa ya ajiye jarumi na biyu a hannu. Lambar sulke ma juye take, ƙarama ta fi ƙarfi, irin abin da ya haifi lissafin THAC0 da bugu na biyu na 1989 ya shahara da shi: THAC0 ita ce lambar da jarumi ke nema a dais don ya sami mai sulke 0, ana cire lambar sulken daga cikinta, don haka mai 18 da ke harin sulke 5 yana neman 13. Old-School Essentials ya zo da zaɓin lamba mai hawa sama, ku yi amfani da ita.

Baban Ummi, Wunti:
Kada a yi wa mai son Pathfinder rashin adalci, amma a tambaye shi wanne yake nufi. Na farko, wanda Paizo ta fitar a 2009, daga bugu na 3.5 na Dungeons & Dragons na 2003 aka gina shi, kuma nan ne nauyi yake. Kowane ƙarin maki da irinsa, iri ɗaya ba sa taruwa sai 'yan kaɗan, ga hare-hare da ke ƙaruwa da mataki kowanne da lambarsa. A 3.5 kama mutum da kokawa ma matakai huɗu ne. Wannan ba na zaman awa biyu ba ne.

Na biyu, na 2019, wani abu ne daban. Kowa aiki uku gare shi idan layi ya zo kansa. Tafiya aiki ɗaya, sara aiki ɗaya, ɗaga garkuwa aiki ɗaya, yawancin sihiri aiki biyu. Sara na biyu ana rage 5, na uku ana rage 10, don kada mutum ya tsaya yana ta sara. In ka haura lambar da ake nema da 10 ka yi babbar nasara, in ka gaza da 10 ka yi babbar faɗuwa, shi ya sa +1 ke da daraja sosai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yana sauƙaƙa wa mai jan labari. Da maki ake auna wahalar faɗa: ga 'yan wasa huɗu, faɗa matsakaici maki 80 ne, mai tsanani 120, abokin gaba da ke daidai da matakinsu 40. Lissafin yana fita daidai fiye da na bugu na biyar, inda faɗan da aka ɗauka mai wuya ne kan ƙare a zagaye biyu. Nauyin sai ya koma kan 'yan wasa: dole kowa ya san takardarsa, ga zaɓi a kowane mataki, ga jerin yanayoyi irin tsoro da jiri masu lamba a jiki. Yana kuma son taswira mai gida-gida, kowane gida ƙafa 5. Mutum ɗaya da bai karanta ba ya isa ya tsayar da tebur. Da sabbi uku, ku jinkirta shi. Dokokin suna kyauta a shafin Archives of Nethys, mai sha'awar ya ci gaba da karatu kafin lokacin.

Ɗan Tumfure:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya, Malam: dais ɗin ludo kawai muke da su. Za mu iya jefa guda uku a madadin mai fuska 20?

Malam Yalwa:
A'a, zai ɓata lissafin. A dais mai fuska 20 kowace lamba kashi 5 ce. Dais uku kuwa tsakiya suke taruwa, 10 da 11 kaɗai suna fitowa kashi 25. Wanda ke neman 18 ko sama yana da kashi 15 a na farko, amma a dais uku sau 1 ne cikin 216, kuma 19 da 20 ba za su taɓa fitowa ba. Mai sulke mai ƙarfi ya zama ba ya taɓuwa.

Ku samo murfin kwalbar lemo 20 iri ɗaya, ku rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu, ku zuba a jaka marar shara-shara. A zaro ɗaya, a karanta, a mayar, a girgiza. In ba a mayar ba, wanda ya lura 20 ta fita ya san ba za ta sake zuwa ba. Don mai fuska takwas ko huɗu, a sake zarowa har lamba ta faɗo cikin iyaka, ko a yi wata ƙaramar jaka. Akwai manhajojin waya da ke yin wannan ba tare da data ba, amma waya ɗaya a tsakiyar tabarma ta fi kowa da tasa. Kuma tunda a nan da an ga dais wasu caca suke tunawa, ku bayyana wa mutanen gida tun farko cewa babu kuɗi a ciki.

In kun tsaya kan bugu na biyar, ku ɗauko dokar karaya ta Yaya Bolari ku saka, tana zama lafiya. Sannan ku zaɓi ɗaya tsakanin littafin 2014 da gyararren na 2024. A na 2014 ƙarin makin jiki daga irin halittar jarumi (ɗan Adam ne ko wata halitta) yake zuwa, a na 2024 daga sana'arsa ta asali. Wanda ya haɗa biyun zai karɓa sau biyu. Kwanton ɓauna ma ya bambanta: a tsohon, wanda aka shammata yana rasa layinsa na farko gaba ɗaya, a sabon kuwa naƙasu kawai yake samu wajen jefa dais na wanda zai fara. Mai jan labari ya rubuta shekarar littafin a saman takardar kowa kafin Asabar ta farko.