Kukan mujiya da zuwan shamuwa: wanne ne aya, wanne ne camfi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Mujiya ta lazimci darbejiyar gidanmu tana kuka da dare, har kakata ta shiga damuwa, tana cewa mutuwa ce ke tafe. Na ce mata camfi ne, sai ta tambaye ni me ya sa nake yarda idan manoma suka ce zuwan shamuwa alamar damina ce. Malamai, ina bambancin yake?

Malam na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayar kakarka tana da nauyi, kuma ta cancanci amsa cikin ladabi. A aya ta 190 ta Suratu Ali Imrana, Allah Ya ce a cikin halittar sammai da ƙasa da saɓawar dare da rana akwai ayoyi ga ma'abota hankali, to amma abin da waɗannan ayoyi ke nunawa shi ne ikon Mahalicci, ba labarin wanda zai mutu gobe ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwarsa, sai Annabi ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Mujiya kuwa, hadisin da ya kore shu'umci a Bukhari da Muslim ya ambace ta, domin Larabawan Jahiliyya ma haka suke tsoronta.

Manomin Wurno:
Allah Ya saka wa Malam da alheri. Mu da muke noma a gefen gulbin Rima, idan muka ga shamuwa ta sauka kuma iska ta juyo daga kudu, muna fara gyaran gona, domin tsuntsuwar tana biyo damina ne saboda fara da ƙwarin da take ci. Wannan sababi ne da ido ke gani kowace shekara, kuma duk da haka wani lokaci ruwan yakan yi jinkiri, sai mu koma ga roƙon Allah.

Hajiya daga Arkilla:
Ni ina ganin kada gudun camfi ya sa mu daina lura gaba ɗaya. An koya mana mu roƙi falalar Allah idan muka ji carar zakara, mu nemi tsari daga Shaiɗan idan jaki ya yi kuka, don haka kunnen mumini ba a toshe yake ba. Ƙanena, ka zauna da kakarka ku riƙa karanta Ayatul Kursiyyu tare kafin barci, sannan ka duba rumbu ko ɗakin ajiya, domin sau da yawa ɓeraye ne ke jawo mujiya gida.