Yaya ake aron littafi daga wani ɗakin karatu ta hannun namu?

Ɗalibin Noma, Marwa:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan masakwa, dawar da manomanmu ke dasawa a ƙasar karal, wato laka mai riƙe ruwa, bayan ɗaukewar damina, su girbe ta a watan Janairu ko Fabrairu ba tare da ban ruwa ba. Malamin da ke duba aikina ya ba ni jerin abubuwan da ya ce lallai in karanta kafin in shiga babi na biyu. Akwai wani littafi da aka buga a Faransa a shekarun 1970, da maƙaloli biyu na mujallun kimiyyar ƙasa, da kuma wani kundin digiri da aka rubuta a Maiduguri a kan ƙasar firgi, wato baƙar laka, ta Borno. Na duba ɗakin karatunmu, babu ko ɗaya a ciki. Na ji ana cewa ɗakin karatu yana iya aro wa mutum littafi daga wani ɗakin karatun, ko da a wata ƙasa yake. Ina roƙon wanda ya san aikin ya yi mini bayani: wa ake tuntuɓa, nawa ake kashewa, kuma shin da gaske littafi zai iya tasowa daga Turai ya iso Marwa?

Ma'aikaciyar Laburare, Ngaundare:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tsarin da ka ji labarinsa yana nan, kuma idan ka shiga wurin ma'aikatan ɗakin karatunku ka ce musu PEB kake tambaya, wato gajeren sunan da ake kiransa da shi a Faransanci, za su gane nufinka nan take. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, ba kai ake ba aron ba. Ɗakin karatunku ne yake roƙo, shi ake aiko wa, shi ne kuma zai biya idan littafin ya ɓata ko ya lalace. Saboda haka sai kana da katin ɗakin karatun, kuma babu wani littafi da ka riƙe ya wuce wa'adinsa, sannan za a karɓi buƙatarka.

Abubuwan nan huɗu da ka lissafa ba hanya ɗaya suke bi ba. Maƙalar mujalla ko babi guda na littafi ba a aiko da ainihin takardarsa. Ɗakin karatun da ke da shi yakan ɗauki hoton shafukan ya turo ta intanet, a buga maka a takarda ko a ba ka a kwamfuta, kuma ba a mayarwa. Wannan shi ne ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi yiwuwa a wurinmu. Littafi sukutum kuwa sai an naɗe shi an sa a gidan waya ko a ba kamfanin kai saƙo, ya zo, ka karanta shi cikin 'yan makonnin da mai shi ya yanke, wani lokaci ma da sharaɗin ba za ka fita da shi daga zauren karatu ba, sannan a mayar da shi ta hanyar da ake iya bin sawunsa. Kuɗin zuwa da komawa sau da yawa yakan fi kuɗin sayen littafin, idan har ana samunsa a kasuwa. Ba zan ce maka ba ya yiwuwa ba, amma a ganina kada ka ɗora babi na biyu a kan jiran littafi daga Turai.

Game da kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, ta fito da wani kati tun 1995 wanda ake biyan aro da shi maimakon tura kuɗi ta banki. Cikakken katin Yuro 8 ne, kimanin sefa 5,250 ke nan, rabinsa kuma Yuro 4, kuma ɗakin karatun da ya karɓa yana iya sake biyan wani da shi. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe jami'o'i, wani sashe na wannan ƙungiyar ya buɗe tsarin RSCVD, inda ma'aikatan laburare na ƙasashe daban-daban ke aika wa juna maƙaloli da babuka kyauta a matsayin sa kai. Ma'aikacin ɗakin karatu ne yake shigar da buƙatar, don haka ka ambata musu sunan idan ba su riga sun yi rajista ba.

Taimakon da za ka yi wa kanka shi ne ka zo da cikakken bayani. Ana kawo mini guntuwar takarda an rubuta sunan marubuci da shekara kawai, a ce in nemo, alhali mutumin ya wallafa abubuwa uku a wannan shekarar. A kan maƙala muna son sunan marubuci, da kanun maƙalar, da sunan mujallar ba a taƙaice ba, da shekara, da juzu'i, da fitowa, da shafin farko da na ƙarshe, da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, idan akwai. Littafinka na shekarun 1970 mai yiwuwa ba shi da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, domin lokacin ne aka fara yaɗa ta, don haka ka kawo sunan maɗaba'a da garin da aka buga shi. Idan ka buɗe Sudoc, kundin haɗin gwiwa na ɗakunan karatun jami'o'in Faransa, ko WorldCat, irinsa na ɗakunan karatun duniya, za ka ga da idonka waɗanne ɗakunan karatu ne ke da shi, ka buga shafin ka zo da shi.

Mai Bincike, Garwa:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni da aro zan ƙare, ba da shi zan fara ba, musamman ga mai aiki a kan masakwa. Yawancin binciken da aka yi a kan ƙasar noma ta Arewacin Kamaru da kewayen Tafkin Chadi daga shekarun 1950 zuwa 1990 masanan ORSTOM ne suka yi shi, hukumar Faransa da ta koma IRD a 1998. Wannan hukuma ta ɗauki hoton dubban rahotanninta da littattafanta da taswirorinta ta zuba su kyauta a rumbunta na intanet mai suna Horizon. Idan littafin da malaminka ya ambata daga maɗaba'arsu ya fito, to da wuya ka rasa shi a can, shafi bayan shafi, ba ka biya ko sisi ba. CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, ita ma tana da nata rumbun, Agritrop, tsofaffin mujallun Faransa kuma da yawa suna shafin intanet na Persée. Ka riƙa nema da sunan da suke rubutawa, muskuwaari, wanda suka ɗauko daga Fulatanci, sannan ka gwada berbere, sunan da ake kiranta da shi a Chadi, domin kowane suna yakan fito maka da rubuce-rubuce daban.

Maƙalolin biyu kuma, idan sababbi ne, ka tambayi ɗakin karatunku ko suna da rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun bincike. A ƙarƙashinsa akwai AGORA, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe a 2003 domin mujallun noma, kuma cibiyoyin Kamaru da Chadi suna cikin waɗanda ke iya shiga. Na sha ganin ɗalibi yana neman a aro masa abin da jami'arsa ta riga ta samu izinin buɗewa, kalmar sirrin kawai ce ba ta iso gare shi ba. Akwai kuma rubuta wa marubucin kansa imel, wanda mutane ke jin nauyinsa ba dalili. Mai bincike yakan ji daɗi ya ga wani a Marwa yana neman aikinsa. Idan duk wannan ya faskara, ai kowa yana da wani nasa da ke karatu a Faransa. Ya ari littafin da katinsa, ya ɗauke maka shi duka da waya, ya turo ta WhatsApp, magana ta ƙare.

Malamin Jami'a, N'Djamena:

Zan tsaya a kan kundin Maiduguri, domin shi ne ba a taɓa ba, kuma shi ne mai wuya. Kundin digiri da aka rubuta kafin zamanin kwamfuta sau da yawa kwafi kaɗan aka ɗaure, ɗaya a sashe, ɗaya a babban ɗakin karatu, ɗaya a hannun mai shi. Ɗakin karatun da ke riƙe da irin wannan ba ya yarda ya fita ƙofa, balle ya ƙetare iyaka, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ake yi shi ne shugaban ɗakin karatunku ya rubuta wa takwaransa na Laburaren Ramat na Jami'ar Maiduguri wasiƙa da Turancin Ingilishi, a kan takarda mai tambari, yana roƙon hoton jadawalin abin da ke ciki tukuna. Idan ka gani, sai ka zaɓi babin da kake bukata a sake roƙo. Wanda ya nemi babi ɗaya ya fi kusa da samun amsa fiye da wanda ya nemi shafi ɗari uku.

Abin takaici a wurina shi ne, daga Marwa ya fi sauƙi ka gano abin da ke kan kantar wani ɗakin karatu a Montpellier ta Faransa fiye da abin da ke Maiduguri ko nan N'Djamena, saboda can sun haɗa jerin littattafansu wuri guda, mu kuwa kowa nasa yana cikin durowarsa. Ga Hukumar Tafkin Chadi tana da hedikwata a nan tun kafuwarta a 1964, Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi duk suna ciki, kuma ƙasar da ake dasa wannan dawa a kanta iri ɗaya ce daga Diyamare har Borno har Shari-Bagirmi, amma rubutun da aka yi a kanta ya rarrabu bisa iyaka da harshe. Idan wata rana hanya ta kawo ka Kusuri, ka haye gadar Ngeli zuwa N'Djamena da takardar gabatarwa daga malaminka, ka zauna a ɗakin karatun cibiyar nazari ta CEFOD ka karanta abin da aka rubuta a kan berbere a wurin. Sau da yawa a yankinmu mai karatu ne ke tafiya, littafin yana zaune.

Ma'aikaciyar Laburare, Ngaundare:

Malam na Garwa ya yi gaskiya a kan Horizon da AGORA, kuma mu ma kafin mu tura buƙata waje sai mun duba waɗannan wuraren, domin ɗakin karatun da ka roƙa abin da ke kyauta a intanet zai mayar maka da takardarka. Amma ban goyi bayan shawararsa ta ƙarshe ba. Dokar haƙƙin mallaka a yawancin ƙasashe takan ƙyale kwafin ɗan sashe domin nazarin mutum, ba littafi daga bango zuwa bango ba, shi ya sa ko mu babi ɗaya ko maƙala ɗaya muke nema. Ban da doka ma, hoton waya yakan zo da gefen shafi a yanke, lambar shafi ta ɓace, jadawali ya karkace, ranar kare kundi kuma a tambaye ka shafi nawa ka ɗauko wannan adadi ka rasa amsa.

Akwai kuma abin da ɗalibai ba sa gani daga inda suke. An taɓa aro mana wani littafi daga wani ɗakin karatu na kudu, bisa yardar shugabanninmu biyu, ya hau jirgin ƙasa na dare ya zo lafiya. Wanda aka aro wa ya roƙa a bar shi ya tafi da shi gida, aka ji nauyinsa aka bar shi, shi kuma ya ba abokinsa, abokin ya tafi hutu da shi. Da littafin ya dawo bangonsa ya ɓalle, ruwa ya taɓa shafukan ƙarshe, wa'adi ya wuce da nisa. Daga nan duk wasiƙar da muka aika musu sai a ce mana littafin ba ya fita, kuma waɗanda suka sha wahalar ɗalibai ne da ba su san an yi ba. Don haka, ƙanena, idan aka ce maka a zaure kaɗai za ka karanta, kada ka ɗauka wulaƙanci ne.

Ɗalibin Noma, Marwa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nemi littafin a Horizon da sunan muskuwaari kamar yadda Malam ya ce, na same shi cikakke har da taswirar ƙasa a ƙarshensa. Ɗaya daga cikin maƙalolin ma tana Agritrop. Saura maƙala guda da kundin Maiduguri. Hajiya, matsalar ita ce a jerin da malamina ya ba ni an taƙaita sunan mujallar, kuma babu lambar shafi. Shin in kai haka nan, ko akwai yadda zan cike giɓin da kaina?

Ma'aikaciyar Laburare, Ngaundare:

Kada ka kai haka nan. Ka buɗe littafin da ka samu ka duba jerin manazartarsa, domin masu aiki a fanni ɗaya sukan ambaci juna, kuma mai yiwuwa ka ga maƙalar a can da cikakken sunan mujalla da shafukanta. Idan babu, ka sa kanun maƙalar tsakanin alamun zance a Google Scholar, ko ka rubuta taƙaitaccen sunan mujallar a Sudoc ka ga abin da zai fito, ka kwafo lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujalla. Ka kuma tambayi malaminka a ina shi ya ga maƙalar, ka rubuta wannan a ƙasan takardar buƙata, tare da ranar da bayan ta maƙalar ba za ta ƙara yi maka amfani ba, saboda ma'aikacin da ke can ya san ko ya yi gaggawa. Wasiƙar Maiduguri kuma ka tsara ta da kanka da Ingilishi, ka kai wa shugaban ɗakin karatunku ya gyara ya sa hannu, ka haɗa da sunan sashen da aka rubuta kundin da shekarar da aka kare shi.