Shin wahalar yarinta ce take hana ni jin daɗin rayuwa?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Ina ɗan shekara 9 aka yi rikicin Jos na watan Nuwamban 2008, a cikinsa aka ƙona shagon mahaifinmu, daga nan ya kwanta ciwo har Allah ya karɓi ransa, mu kuma aka rarraba mu gidajen dangi. Yanzu na gama karatu, ina da aikin yi, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya ba. Ranar da aka miƙo mini takardar ɗaukar aiki, abin da ya fara zo mini a rai shi ne ranar da za a sallame ni. Wannan tabon yarinta ne, ko rashin godiyar Allah?

Anti Nas, Rikkos:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗora wa kanka laifin butulci. A Amurka, likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun jagoranci bincike kan mutum fiye da 17,000, aka buga sakamakon farko a 1998, inda aka gano cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya gani yana yaro, kamar duka, cin zarafi ko tashin hankali a gida, gwargwadon yadda haɗarin ciwon damuwa da wasu cututtuka yake ƙaruwa gare shi idan ya girma. Yaron da ya daɗe cikin fargaba jikinsa yakan saba da zaman ɗarɗar, don haka ko lafiya ta samu, yana jiran mugun labari ne. Ina ganin masu irin halinka a wurin aiki, galibi da ciwon kai da rashin barci suke zuwa.

Malam na Unguwar Rogo:
Maganar Anti gaskiya ce, sai dai ban so a tsaya nan ba. Emmy Werner, wata mai binciken halayyar ɗan Adam, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955, ta ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin ƙunci sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya fi bayyana a tarihinsu shi ne samun babba guda da ya riƙe su da gaske. Ni ma maraya ne, kawuna tela ne ya zaunar da ni kusa da kekensa shekara bakwai bai taɓa yi mini gorin abinci ba. Ɗana, wa ya tsaya maka a lokacin?

Ɗan Gangare:
Gwaggona ce, Malam. Ita take ɓoye mini kuɗin makaranta a cikin kwanon samiru daga cinikin awara. Tana Bukuru yanzu, kuma ban taɓa zama mun yi maganar waɗancan shekarun da ita ba. Ranar Asabar zan je in gan ta in sha Allah. Anti, idan rashin barcin ya ci gaba, wane sashe zan nema a asibitin koyarwa na Jos?