Taƙaitawar shawarwarin da aka bayar kan buga zane da sassaƙaƙƙen katako

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganun 'yan'uwa na Jidda da Makka kan yadda mai koyo zai sassaƙa zane a katako, ya shafa masa tawada, ya buga shi a takarda.

1. Katako: mafi yawa sun ce mai koyo ya fara da filawud mai laushi daga ragowar kafintoci, ya goge fuskarsa da sanfefa. MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, na da araha amma yana dakushe wuƙa da wuri.

2. Wuƙaƙe biyu sun isa, mai bakin V don layi da mai bakin U don share fili. Hannun da ke riƙe katako ya tsaya bayan wuƙa. Wannan babu wanda ya yi musu.

3. Zane yakan fito a juye, dama ta koma hagu. Duk mai sassaƙa rubutu, boko ko ajami, ya duba shi a madubi tukuna.

4. A kan tawada aka rabu. Wasu sun fi son mai ruwa, saboda sauƙin wanki da rashin wari a ƙaramin gida. Wasu suka ce zafi da na'urar sanyaya ɗaki na busar da ita tun ba a ɗora takarda ba, gara mai mai. Ni ina tare da na biyun, musamman ranar da muka taru da yawa ana jiran layi.

5. Ba sai da inji ba, bayan cokali ya wadatar wajen murza takarda.

An yarda a bar ayoyin Alƙur'ani, tunda bugun gwaji da yawa shara yake tafiya. Masu neman abin zanawa an nuna musu dagin Arewa da rawashin, wato tagogin katako masu ado na gidajen tsohuwar Jidda.