A ɓoye sunana: shekarata 34, har yanzu kallon sakarai nake wa kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun a makarantar allo ake ce mini daƙiƙi. Malam zai biya mini, kafin ya juya hankalina ya bi tsuntsu. Dorina kam na sha ta. Na girma abin bai sake ni ba: in yanka shadda in ajiye, in ɗauko wata, in manta awon wa na rubuta a bayan kwali. Ƙaramar Sallar da ta wuce na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina, daren Sallah mutum huɗu suka kwashe yadinsu ko almakashi bai taɓa ba. Ɗaya ya ce a gaban jama'a, "Ai dama an gaya mini kai ba abin dogaro ba ne."

Bayan nan wani ɗan uwana ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano. Ya yi ta tambayata har zancen yarinta, ya ce larura ce ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wadda suke kira ADHD. Na ji sanyi na kwana biyu. Amma in an yi taron gida ƙanena ake tambaya shawara, majalisa ma na daina zuwa. Ko yabon ɗinkina aka yi sai in ji kamar ba'a ce. Yaya zan yi in daina raina kaina?

Baban Walida: Allah ya yaye. Ka je a yi maka ruƙiyya, irin wannan mantuwar wani lokaci da sa hannu a ciki.

Malamar asibiti, Dutse: Baban Walida, addu'a kam ba a barin ta, amma kada mu sa shi zargin mutane. Wa zai yi wa yaro ɗan makarantar allo sammu? Ƙa'idar wannan larura ma, sai alamunta sun bayyana kafin shekara 12 likita ke tabbatar da ita, kuma ana gadonta sosai. Ita ba ƙarancin basira ba ce. Abin da ke wahalar da mai ita shi ne tsara aiki, ƙiyasta lokaci, da riƙe abu a ka har a kammala. Yayana, ka koma wurin likitan ka faɗa masa zancen guje wa mutanen nan, don ciwon damuwa na yawan biyo bayanta. Akwai magani irin su methylphenidate, amma likita ke rubutawa, yana kuma duba hawan jini. Kada wani ya ba ka tiramol da sunan zai kama maka hankali. Masu irin wannan matsalar, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, ga Dawanau, ga na Kazaure.

Ɗan Gumel: Ni dai gani nake yanzu kowane lalaci an sama masa suna.

Kafinta daga Wudil: Ɗan Gumel, malalaci ne zai tara ɗinki har ya kwana a kan keke? Malam tela, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ni abin da na gano, bakinmu ke kashe mu. Saboda an daɗe ana raina mu, ba ma iya cewa a'a. Kowa ya kawo aiki sai mu ce "gobe ka zo", muna son mu wanke sunanmu, sai mu ƙara ɓata shi. Kunyar tana haifar da alkawari, alkawarin ya haifo wata kunyar. Ka buga ƙusa biyar a bangon shago. Kowace ƙusa ɗinki ɗaya, da sunan mai shi da awonsa da ranar karɓa a maƙale da fil. Ƙusa ba ta sauka ba, ba ka karɓar na shida, ko hakimi ne. Azumi ya kai 15 ka rufe karɓa. Ni yarona na ɗora wa riƙe littafi, kuma ban ji kunyar hakan ba. Ranar da mutum ya zo ya tarar da kayansa a goge a ranar da ka ce, kai da kanka za ka ji bambanci. Ni sai da na yi wata uku a haka kafin na iya ɗaga kai a kasuwar Juma'a.

Hajiya Iya: Ɗana, wa ke ciyar da yaran nan uku? Daƙiƙi ba ya yanka babbar riga ta zauna a kafaɗa. Mutanen nan huɗu ka bi su gida ka ba su haƙuri, sau ɗaya, ba tare da zagin kanka ba. Majalisa kuma ka koma ko gaisuwa ce ka yi ka tashi. Sannan ka zaunar da mai ɗakinka ka yi mata bayanin likita, ita ma tana shan nata.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Iya, biyu daga cikinsu zan iya fuskanta, mai maganar nan dai sai na ƙara shiri. Malama, zan koma Kano bayan girbi in Allah ya so. Ƙusoshin na buga su yau da safe. Gudumar ce har yanzu ban tuna inda na ajiye ba, kuma ta maƙwabci ce.